Jika Ɗari da Tamanin

Jika ɗari da tamanin,
abin da rani biyu na gyaran salula suka bar mani
cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin katifa.
Na ƙirga su a Bukoki da asuba,
na sake ƙirgawa cikin taksi.
Ba su haihu ba.

A Katako, bayan layin masu ƙarafa,
Zabeiru na zaune tsakiyar gawarwakin ordinata,
tabarau ɗaure da zare, sukudireba a bayan kunne.
Na miƙa mashi jerin da na rubuta.
Ya karanta, ya yi dariya har da tari:
"Wannan cefanen ɗan minista ne.
Kai ɗan wane ne?"
Na ce ɗan mai naɗin fanka.
Ya ce, "To zauna. Iya kuɗinka, iya shagalinka."

Idona na kan kart girafik mai fanka uku,
tana kwance cikin gilashi,
farashinta ya haɗiye gwangwanina har da murfi.
Ya jawo wata daga ƙarƙashin tebur,
fanka ɗaya, ƙura a haƙarƙari,
ta yi shekara huɗu tana bauta a wani gida a Filato.
Ya hura ta, ya jona, allo ya buɗe ido.
Jika saba'in. Na ce sittin.
Muka rabu a sittin da biyar, kowa na kukan hasara.

Furosesa ba ta bana ba ce, ba ta bara ba,
amma tsohon doki ya san hanya.
Uwar allo mai ramuka huɗu,
ram biyu na sa, takwas da takwas,
ramuka biyu na bar su buɗe
kamar filin da mutum ya kewaye
yana jiran ranar siminti.

Sai na nuna fitilun nan masu canza launi.
Zabeiru ya aje kofin shayinsa.
"Ka san kuran na garin nan?
Yana tafiya ba sallama,
yana dawowa da sanda.
Na binne injina goma sha ɗaya a watan Afrilu,
duk da fitilunsu suka mutu, ja da kore.
Sayi alimantasiyo mai nauyi a hannu.
Abin da ya rage, ondilar."
Na yi shiru.
Wa ke gayyatar ƴan fada su zo kallon ondilar?

Na saya.

Akwatin kuwa kyauta ya ba ni,
na wani siber da ya rufe a Wadata,
har yanzu da takarda manne a gefe:
awa ɗaya, dala sittin.

Dare uku ina ɗaure ƙusoshi.
Baba ya leƙo, bai ce komai ba,
ya dawo da ƴar fanka da ya naɗa da hannunsa,
ya huda ƙarfen gefe, ya dasa ta.
Tana ƙara kamar babur ɗin kabu-kabu,
amma zafin Yamai bai taɓa cin ta da kokawa ba.

Na rage inuwa, na rage hasken ruwa,
ciyawar cikin wasan ta zama kamar zanen ƴan firamare.
Mota dai tana gudu, ba ta tuntuɓe.

Jiya Nafi'u da Tsalha na bayana,
saura kwana ɗaya in ci tseren,
sai unguwa ta yi ɗif.
Fankar silin ta mutu, yara suka yi ihu a titi.
Cikin duhun nan duka
allona kaɗai ke raye,
ƙaramin akwatin baƙi na ƙyaf, ƙyaf a ƙasan tebur.

Na shiga kwanar a hankali.
Na zo na biyu.
Canjin dala arba'in na nan cikin gwangwani,
gobe zan kai wa Zabeiru goro.